Hanyar da Kebur Zai Bi Zuwa Ɗakin Innarka

Sabon Birni, Jihar Sakkwato

Zuwa ga ɗana Abdulrazak, a Sabha,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah wagga takarda ta iske ka lafiya, kai da abokan zamanka. Allah shi tsare ka a ƙasar mutane, shi sa albarka ga abin da kake nema. Zulaihatu, matar marigayi yayanka, ita ke rubutawa ina faɗa mata, kuma na ce kada ta gyara mini magana. Za ta ɗauki hoton takardar ta tura maka. Mu nan mun gode Allah. An yanke geron da ke kusa da gari. Gonar hanyar Gatawa bana ma ba mu taka ta ba, ka san dalili. Ƙanwarka Mas'uda ta sauka lafiya, an samu ɗiya mace. Innarka kuwa sai addu'a. Tun da ɓarin jikinta ya shanye ba ta tashi ba, cin abincin ma ya ragu ƙwarai.

Na ji ka faɗa wa Lawwali mai haɗa wayifai cewa taurin kaina ne ya hana innarka ganin fuskarka. Ban ji haushi ba, taurin kan da shi aka haife ni. Amma ba za ni iya ba ka amsa a waya ba, don a zaure sabis ke da ƙarfi, zauren kuwa tun da aka kafa farantin intanet ɗin nan a kan soro ba ya rabuwa da mutane. Har daga Turba ana zuwa a tsuguna a kira 'yan'uwa. Maganar da ke bakina ba ta gaban jama'a ba ce.

Ga yadda aikin ya tsaya. Akwatuna ukun da ka aiko, babban yana zaure, na biyu Lawwali ya rataye shi a jikin rumbu, na uku yana ɗakin innarka can ƙuryar gida. Ya ce miƙa wa juna suke yi ta iska, kamar masu miƙon ƙasa wurin gini. To, katangun gidanga kakanka ya gina su, kaurinsu ka san shi. Kafin abin ya kai rumbu ya gaji, kafin ya kai ɗakinta ya mutu, sai jar wuta ke ƙiftawa. Mun taɓa ɗauko ta a tabarma zuwa gindin rumbu, wahalar da ta sha ta sa na rantse ba a ƙarawa. Lawwali ya ce magani guda ne, a ja kebur daga zaure zuwa rumbu, daga nan iska ta ƙarasa sauran. Na hana a rataya shi a sama, don a wanga zamani ba a nuna wa mai wucewa abin da gida ya mallaka. Shi ma ya ce rana da awaki ba za su bar shi ba. Sai dai a haƙa rami a binne shi cikin bututu. Har nan ba mu yi gardama ba.

Da ya ɗauko diga ya ja layi, sai na ga layin ya bi ta bayan tsohon ɗakin innarka, wanda ya rushe shekarar babban ruwa. Kai ka san wurin fili ne da ake shanya. Ni na san abin da ke ƙasa. Duk ɗan da aka haifa a gidanga, a nan aka wanke mabiyiyarsa aka binne, kuma ba wadda ban ga inda unguwarzoma ta sa ta ba. Ta yayanka tana nan, da ta tagwayen da ba su yi kwanan suna ba, waɗanda ko labarinsu ba ka sani ba. Abdulrazak, yayanka ba mu samu gawarsa ba. Ba ni da kabarin da za ni tsaya in yi masa addu'a. Wanga taku guda na ƙasa shi kaɗai ne wurin da na san wani abu nashi yana kwance. Shi ya sa na riƙe digar. Liman ya ce mini ba laifi a addini, ƙasa ta daɗe da cinyewa. Na ce na sani, malam, amma ba a haƙawa.

Mun auna ta kowane gefe. Ta yamma rijiya ta tare, in an zagaya ta bayan garke kebur ba ya kaiwa, Lawwali kuma ya ce ko an ƙara tsawo sai an fasa katangu biyu. Hanya guda ta rage, ta gindin zogalen da ke gefen filin shanyar nan. Nan taka mabiyiyar take. Kakanka yakan ce duk inda mutum ya yi nisa, wurin da aka binne mabiyiyarsa yana jan shi gida. Ka yi dariya in ka so, Zulaihatu ma ta sunkuyar da kai. Amma shekarun nan da ka yi a waje, duk safiya in na wuce zogalen nan nakan ce wa raina wanga yaro zai dawo. Ina tsoron in tona, in wayi gari ba ni da abin faɗa wa raina.

Ranar Juma'ar da ka kira, wadda muka ɗauko ta gindin rumbu, hotonka ya tsaya cik da rabin fuska. Innarka ba ta san layi ya yanke ba. Ta yi ta magana da kai da wanga harshe nata mai nauyi, tana tambaya ko ka ci abinci, ko sanyi na damunka, tana jiran amsarka. Ba wanda ya iya faɗa mata. Da na kai mata maganar zogale, sai ta ce ba nata ba ne, ba nawa ba ne, a tambayi mai abu.

To, na tambaye ka. Ban ce ka taho ba, na san takardunka, na san hanya, kuma ba ni da ɗan da za ni ƙara ba hanya. Ka aiko da kalma guda ta wayar Zulaihatu. In ka ce a haƙa, ni za ni riƙe diga da hannuna, Lawwali ya tsaya ya sa bututunsa kawai. Abin da na roƙe ka, kada ka bar amsar ta kwana biyu. Ni nake ganin jikinta, kai ba ka gani.

Baffanka Fatihu yana gaishe ka, da Mas'uda da mijinta, da gwaggonka Sadiƙa ta Burkusuma. Zulaihatu da 'ya'yan yayanka suna gaisuwa. Ka gaishe mini da Jamaluddeen abokin ɗakinka, Allah shi saka masa. Na tambayi innarka me za a rubuta nata. Ta ce in an gyara ka kira, ka tsaya wuri mai haske, kuma ka cire hula.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
Ɗanmusa