A Tsayar da Kunkuru a Ƙofar Tabawa

Zuwa ga Parzidan, shugaban ƙungiyar tsofaffin ma'aikata ta Sabuwar Unguwa, Madarumfa.

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali, yaya ƙoƙari da mu? Kafin in shiga magana, ga kacici-kacici gare ka da duk mai karatu: mene ne ba shi da nauyi, ba a sayensa ko da dala, amma motarku ta kasa ɗaukarsa? Riƙe shi, ina zuwa.

Ni ce Hajiya Kuluwa, matar marigayi malamin makaranta Mushe Garba, wanda ya koya maka karatun boko a lakwal. Aji uku na yi, in ka ga kuskure ka haɗiye.

Na farko, godiya. Unguwar ga tana da faɗi, rairayi ne har idon sawu, gwiwoyinmu kuwa sun ajiye aiki tun kafin mazajenmu. 'Yar motar nan mai batir da ɗiyanmu suka saya mana suka damƙa wa ƙungiyarku, wadda muke ce wa Kunkuru, ita ce ƙafarmu.

Na biyu, takardar da ka liƙa mata ran Litinin: wai Malam Idi direba kada ya tsaya sai wuri uku, masallaci, likita da bakin kasuwa. Na san dalili. Mukan tsayar da shi kowace ƙofa har batir ya mutu. Ni kaina na taɓa sauka gidan suna, na ce yanzu zan fito, sai da na sha hura na yi azahar. Ban musa ba.

To amma ran Alhamis muka bi ta ƙofar Tabawa, aminiyata tun muna amare. Ta faɗi a bayi, an yi mata ɗori a ƙafa, aka fito da ita zaure ta sha iska. Na ce Malam Idi ya tsaya, ya nuna mini takardarka. Na ɗaga hannu, alhali Tabawa ba ta gani sosai. Muryata kawai ta ji ta wuce, kamar mai tallan manda.

Washegari na aika mata miyar kifin tabki. Kwanon ya dawo ba a buɗe ba. Na kira waya, ta ba ƙishin ruwa amsa kafin ni: aka ce mini tana shan ruwa, sau uku. Ranka ya daɗe, matar nan ita ta zauna kusa da ni har na fita takaba. Gidanta yana can ƙarshen unguwa, ƙafata ba ta kai ni.

Ga roƙona. Gidan da ke da majinyaci, ko rasuwa, ko haihuwa, a sauke mu a tafiya, a ɗauke mu a dawowa. Batir bai yi asarar komai ba. Sauran ƙofofi mun yarda, ma ɗaga hannu daga zaune.

In Alhamis ta zagayo takardar tana nan, zan hau Kunkuru da butata da goro da tabarmar salla, ba kuma zan sauka ba sai a ƙofar Tabawa. Wanda zai iya ɗaga matar malaminsa ya zo ya gwada.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya bar maka gwiwoyinka, ya sa ka gama da mu lafiya.

Wassalam.
Hajiya Kuluwa.

Abin da motarku ta kasa ɗauka, gaisuwa ce.