Wutar Kashin Shanu a Cabbal Mbabo

Cabbal Mbabo, farkon sanyi

Hamma Sali,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, ina gaida matarka Adda Dudu. Shanu lafiya, mu ma da sauƙi, ban da mahaifiyarmu Dada.

Tarinta ya dawo. Likitan Tinyer ya ce hayaƙin itace ne ke cin ƙirjinta, kada ta ƙara kwana da wuta a ɗaki. To a kan dutsen nan wa ke kwana ba wuta? Na gwada kashe murhun, sai ta wayi gari yatsunta ba sa lanƙwasuwa.

Ranar kasuwar Galim wata mai sayen nonona ta kai ni gidanta. Rami suka gina da bulo, suna zuba kashin shanu da ruwa su rufe, iskar da ke tashi ta bi bututu zuwa murhu. Wuta shuɗiya, Hamma, ko ɗigon hayaƙi babu. Kashin shanu kuwa ka san garkenmu. Ni ma zan gina. Ka aiko min da siminti, bututun roba da kan murhu ta hannun Bakari mai babur.

Ƙanwarka, Jebba

*

Ngawundare

Jebba,

Wa alaikumus salam. Na karanta, na yi dariya har Dudu ta leƙo. Tuwon mahaifiyarmu za ki dafa da tusar shanu? Idan labari ya bazu, wa zai ƙara shan shayi a gidanmu?

Ki bar wannan wahala. Na gyara ɗaki a nan, akwai lantarki, asibiti yana kusa. Ki shirya Dada, zan turo mota. Ga farantin hasken rana nan da fitila biyu, ki riƙa ganin gabanki bayan ta taho. Siminti kam ban saya ba.

Yayanki, Sali

*

Cabbal Mbabo

Hamma,

Gaisuwa mai yawa. Fitilun sun iso, mun gode, suna ci lafiya. Amma fitila ba ta ɗumama ƙafa.

Na faɗa wa Dada zancen mota. Ta ce: "Ki ce wa Sali ni ba buhun dankali ba ce da za a loda a kai birni. Wa zai tatsi saniyata Wule?"

Na sayar da tumakina na sayi siminti da sauran kayan. Wani magini daga Galim ya zo, ni da shi muka haƙa, har tafin hannuna ya fashe. Muka cika rami muka rufe, muka jira. Shiru. Na kunna ashana a bakin murhu har kwalin ya ƙare. Baffa Njidda kullum sai ya biyo ta bayan gida ya ce: "Jebba, yaya kabarin tumakin naki? Ya fara magana?"

Na sake komawa Galim da ƙafa. Mai sayen nonon nan nawa ta ce sanyinmu ya fi nasu, shi ya hana kashin ruɓewa. Yanzu na lulluɓe ramin da ciyawa da baƙar leda, kuma ina dama kashin da ruwan da ya sha rana. Ba zan bari ba, ka sani.

Jebba

*

Ngawundare

Jebba ƙanwata,

Ina gaisuwa. Wannan karon ban yi dariya ba. Kin sayar da tumakin aurenki, ni ina nan zaune ina tsokanarki.

Akwai abin da ban rubuta ba don tsoron baki. Dudu tana da ciki, ya tsufa. Kin san yadda na baya suka zube. Ba ta da kowa a garin nan, ni kuma kullum ina kan hanyar Garwa da babbar mota. Don haka ne ma na matsa a kawo Dada. Ki gaya mata a hankali.

Ga bututu mai kauri da kan murhu mai baki biyu, an ce sun fi ƙarko.

Sali

*

Cabbal Mbabo

Hamma!

Wuta ta kama! Ranar Juma'a da hantsi na buɗe bututun, na ji iska tana huci, na sa ashana. Dada ta ja da baya tana salati, sannan ta matso ta miƙa hannuwanta a kai, ta daɗe a haka. Baffa Njidda ya zo ya duƙa ya shinshina tukunya. Da ya ji ba wari sai ya ce: "To, zuba min shayin mu gani." Kofi biyu ya sha.

Yanzu da yamma ina gasa duwatsu a kan wutar, in naɗe su da tsumma in jera a gefen gadonta. Ɗakin yana riƙe ɗumi har safe. Tarin bai tafi duka ba, amma tana barci.

Na karanta mata wasiƙarka. Ta yi kuka, sannan ta ce in rubuta wannan yadda ta faɗa:

"Sali, ka iya ɓoye magana kamar ubanka. Ka kawo min yarinyar nan tun hanya ba ta gagare ta ba. Ga nono, ga ɗaki mai ɗumi, ga ni, ungozoma kuma tana Galim. Ka taho da babban kwano na wankan jariri. Ruwan zafi kam yanzu ba ma awonsa."

Sai mun gan ku.

Jebba