Ki Cire Batirin Rediyon Inna

Yaya Hauwa,

Ina gaisuwa. Ya gida, ya yara, ya jikin Inna? Mu nan Lewisham lafiya, amma hankalina a tashe yake.

Guguwar teku ta nufi Florida, inda ƙaninmu Sani yake. Hukuma ta ce kowa ya tashi daga bakin ruwa, shi kuwa wai a Kano taga kawai ake rufewa. Na tuna masa irinta ta taɓa shafe garuruwa a jihar, ya yi dariya. Tun jiya wayarsa ba ta shiga.

Don Allah ki cire batirin rediyon Inna kafin labaran yamma, kin san hawan jininta.

Ki gaida maigidan. Ku yi wa Sani addu'a, amma a hankali, kada Inna ta ji sunansa.

Ƙanwarki,
Bilki