Ba Zan Faɗi Sunanta a Taga Ba

Zuwa ga Alhaji mai babban kantin maganin nan na kusa da tasha, Birnin Kudu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ni ne Malam Hudu na Basirka, tsohon nan mai jar hula da yake zuwa kantinka duk wata. Ban yi boko ba, maƙwabcina Malam Isa tela ne yake rubutawa, kuma na gargaɗe shi kada ya gyara mini magana.

Na ɗaya. Matata ta yi shekara shida tana ciwon jiki. Kafaɗa, baya, cinya, ko zani ne ya goge ta sai ta ce wayyo. An ɗebi jini, an yi hoto, ba a ga komai ba, har dangi suka fara cewa raki ne. Daga baya wani likita ya ce ciwon yana da suna, faiburomayaljiya, sunan da sai ka huta a tsakiyarsa. Ya rubuta mata ƙwaya. Tun da ta fara sha take iya zama a tabarma ta tsince wake. Likitan ya kuma ja kunnena cewa ba a yanke maganin nan farat ɗaya.

Na biyu. Na san ba a sayar da shi sai da takardar likita, saboda 'yan iskan gari suna haɗiyarsa su yi layi a titi. Ban ƙi wannan doka ba. Takarda kuwa ina da ita, a cikin leda, a aljihun ciki.

Na uku, kuma nan ne maganar take. Talatar makon jiya na hau babur, na hau mota, na iso. Sai na tarar ka sa sabon ma'aikaci a taga, mai farin tabarau. Ya karɓi takarda ya kife, wai in faɗi sunan mara lafiya da bakina, don ya tabbatar ba tsinto ta na yi ba. Na ce Mai-sunan-Inna. Ya ce wannan ba suna ba ne. Na yi masa bayani cewa sunan mahaifiyata gare ta, Allah ya jiƙanta, kuma shekara arba'in da huɗu muna tare ban taɓa furta shi ba. Ko ranar ɗaurin aure wakilina ne ya faɗa, ni ƙasa nake kallo. Sai ya dubi na kusa da shi ya ce har tsofaffi sun shiga harkar ƙwaya. A gaban mata, Alhaji, da furfurata. Ni da ko goro na bari tun da haƙoran suka zube.

Wanda yake tagar a da bai taɓa tambayata ba. Karantawa yake yi, in gyaɗa kai, shi ke nan.

Na dawo gida hannu biyu. A ranar saura ƙwaya huɗu a gwangwani, yau kwana biyar da ƙarewarsu. Matar tawa tana kwance, jiri da zufa, ciwon ya dawo da ƙarfinsa. Ita kanta ta ce in je in faɗa kawai, ta yafe. Na ce ai ba nata ba ne ita kaɗai da za ta yafe. Ɗauko ta a babur kuwa, a kan hanyarmu, gara in kai ta makabarta kai tsaye in rage wahala.

Ga roƙona. Talata mai zuwa zan dawo da takardar nan. Ka umarci mai tabarau ya buɗe ta ya karanta sunan da ƙarfi, ni in gyaɗa kai. Ba don karatu ka ɗauke shi aiki ba? Sannan ya janye maganar ƙwaya a gaban mutane, yadda ya faɗe ta a gaban mutane.

Malam Isa ya ce bari ya rubuta sunan a ƙasan wasiƙar nan a huta. Na riƙe masa hannu.

Allah ya ƙara maka kasuwa, ya raba ka da ciwon da hoto ba ya gani. Shi kuma mai tabarau, Allah ya ba shi mata mai sunan uwarsa.

Wassalam.

Malam Hudu, mijin Mai-sunan-Inna,
Basirka.