Zuwa Ga Mijina Da Ya Yi Wa Addu'a Yaji

Malaz, Riyad, Saudiyya

Ya Malam Dawuda, inuwar tsamiyata a tsakar rana, ruwan randata mai sanyi, farin watan da na baro a Wusasa, kuma a 'yan kwanakin nan sarkin masu fushi da Sama,

Saƙonka ya iso ni ta bakin 'yarmu Saratu: wai kada in ƙara kiranka a waya don addu'ar safiyar Juma'a, domin shekara uku muna roƙo, hannunka da ƙafarka na hagu ba su motsa ba. Madalla da wannan hukunci! Ina kyautata zaton an shiga ruɗani a Sama, mala'iku suna tambayar juna wa zai je biko.

Shekara uku, ya zumar farar ƙasata? Ka manta gindin mangwaron nan na ƙofar makarantar ungozoma, inda ka tsaya cikin ruwan Agusta da kwat ɗin aro, yana zubar da shuni a farar rigarka? Shekara huɗu kana rubuto mini wasiƙu, ban amsa ko ɗaya ba. Ban ji ka yi yaji ba. Ashe ni, 'yar Malam Bulus mai girman kai, na cancanci haƙurin da Ubangiji bai cancanta ba? Kuma ka sani yau, tunda ban taɓa faɗa maka ba: kowace wasiƙa na karanta ta har takardar ta yi laushi.

Kai kana da majami'a taku ɗari daga ƙofarka, da ƙararrawa, da masu ɗaukarka a keke. Ni a garin nan Lahadi ranar aiki ce. Juma'a nake mayarwa Lahadi, in ja labule, in yi waƙa ƙasa-ƙasa kamar mai gulma. Gwiwoyin da ba su taɓa durƙusa wa shugaban asibitin da nake aiki ba, su nake nanawa a kan tayil saboda kai, ya raɓar safiyata.

Kada ka ɗauka ni waliyyiya ce. Na yi wa Yesu magana mai zafi wadda ko kai ban taɓa yi wa ba. Bai ba ni amsa ba, bai kuma kore ni ba. Ban san ko za ka sake tafiya da ƙafarka ba, ba zan yi maka ƙarya irin ta masu gaisuwar mara lafiya ba. Abin da ba zan jure ba shi ne ka bar ni ni kaɗai a gabansa.

Ranar Juma'a, ƙarfe takwas nawa, shida naka, wayarka za ta yi ƙara. Hannun damanka lafiyarsa lau. In ka ƙi ɗauka, zan yi addu'ar duka, in yi shiru a wurin da kake cewa amin, in jira.

Taka, da fushinka da gurguwar ƙafarka, har ranar da za a kwantar da mu kusa da juna,

Rifkatu