Ciwon da Ya Tafi da Turancin Baban Haidar

Setapak, Kuala Lumpur

Zuwa ga Yayana Maitama,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Raudatu da yara. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, ya sassauta mata ciwon gwiwar nan.

Yaya, a waya na ce maka jikin Baban Haidar da sauƙi, na yi shiru a nan don na ji muryar Hajiya kusa da kai. Ranar da abin ya same shi yana cikin aji, yana koyar da darasin da ya fi so, na yadda Normanawa suka ƙetaro daga Faransa suka ci Ingila, Faransanci ya zama harshen fada da kotu, Turanci ya koma bakin manoma da makiyaya. Ɗalibansa sun ce yana tsakiyar magana ya tsaya, ya dafa tebur, ya sulale ƙasa. Likitoci sun ce jini ne ya toshe masa jijiya a ƙwaƙwalwa. Yanzu ƙafar ta fara motsi, hannun dama kuwa har yau shiru. Da bakinsa ya buɗe, Hausa ce kaɗai ta dawo, ita ma a tsintsinke. Turancin yana gane kaɗan, amma ko kalma ɗaya ba ta fita.

Ka san shi da hira. Ko shayi muka sauka sha a mamak, wato shagon shayin da ke ƙasan gidanmu, sai ya yi ta ba yara labarin ƙabilun da suka shiga Ingila da tushen harshen Turanci daga arewacin Jamus, da kalmomin da Turawa suka kwasa daga Larabci da bakin mutanen nan Malesiya, har shayinsa ya huce. Duk wannan yana nan a kansa, ina gani a idonsa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yara. Haidar da Khaulah a nan suka tashi, Hausarsu ba ta wuce gaisuwa ba. Shekaranjiya Khaulah ta kawo aikin makaranta, ta tambaye shi asalin wata kalma kamar yadda ta saba. Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya juyo ya ce, “Hureira, gaya mata na sani.” Yarinyar ta zuba mini ido tana jiran in fassara mata maganar ubanta. Na fassara. Ta tashi ta shige ɗaki, shi kuma ya juya fuskarsa bango.

Jami'a ta ba wani ajinsa. Likita ya ce zama cikin masu jin maganarsa zai taimaka masa, don haka mun yanke shawarar dawowa gida bayan Sallah. Don Allah ka shaida wa Hajiya a hankali. Ka kuma ja kunnen abokansa, kada wani ya tare shi da Turanci in sun zo dubiya. A nan in masu dubiya sun yi masa Turanci, murmushi yake yi ya gyaɗa kai, in sun tafi sai in tarar yana share hawaye.

Ka gaishe mini da Hajiya, da Anti Raudatu, da Kawu Abdulmajid, da Hasna da maigidanta. A sa mu a addu'a.

Ƙanwarka,
Hureira