Sassaƙen Buhu na Biyu

Kutemeshi, 4 ga Oktoba

Jannatu ƙanwata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da ɓerayenki na Zariya. Har yanzu babu sabis, shi ya sa na ba Bakoji direba wannan takarda tare da buhu na biyu na sassaƙen.

Dajin Kamuku, inda na saro buhun farko, ba ya shiguwa yanzu saboda mutanen nan masu bindiga. Na saro wannan daga wata bishiya a bakin rafin bayan gari. Ganyenta iri ɗaya ne da na bishiyar Kamuku, sai dai ruwan wannan ya fi ja.

Baba kuwa baki har kunne. Ya ce tunda jami'a na gwada maganin kakansa don hana shanyewar ɓarin jiki, ya gama da ƙwayoyin hawan jini. Safe da yamma yake shan sabon.

Yayanki,
Abarshi

Zariya, 23 ga Oktoba

Yaya Abarshi,

Ina gaishe ka, ina gaida Baba. Yaya, a tsorace nake rubuta wannan.

Ɓeraye ashirin da muka ba buhun farko suna nan garau. Cikin ashirin da suka sha na biyu, bakwai sun mutu. Jini ke fara fito musu a dasashi, sai hanci, sai mu tarar da su a kwance. Ba bishiya ɗaya ba ce, Yaya. Ko na farkon ma ban taɓa cewa mutum ya sha ba, gwajin bai ƙare ba.

Don Allah ka zubar da tukunyar yau. A mayar da shi kan ƙwayoyinsa, a kai shi asibiti.

Ƙanwarka,
Jannatu

Kutemeshi, 2 ga Nuwamba

Jannatu,

Muna gaisuwa. Takardarki ta kwana tara a hanya, motoci sun tsaya jiran rakiyar sojoji.

Na zubar da tukunyar. Baba ya yi dariya, wai shi ba ɓera ba ne. Yau da safe na ga asawakinsa a kan tabarma, ya yi ja. Babu motar da za ta fita sai Laraba.

Ki faɗa mini gaskiya: daga ranar da jinin ya fara, kwana nawa ɓerayen suka yi?

Allah ya sada mu da alheri.

Abarshi